Sabon Idon Cha'ibu Mai Mashi

A bakin kogin Gaya, in ka ce Cha'ibu kawai, za a tambaye ka wanne, don sun kai huɗu. In ka ƙara da "mai mashi", to an gane. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu tudu, kuma babu wanda zai rantse ya taɓa ganinsa zaune har aka kai zubi na uku na shayi. Na farko yake kurɓa a tsaye, ya ce yana zuwa, shi ke nan. A masallaci ma, liman na sallamewa sai ka ga gurbinsa. Matarsa Hajjo takan ce ko da igiya aka ɗaure shi, igiyar ce za ta fara gajiya.

A Tunuga aka haife shi, cikin gidan masunta. Sa'o'insa duk taru da ƙugiya suka kama, shi kuwa ya nace wa abin da ya gani a hannun ubansa: mashi mai kunnuwa biyu, da doguwar igiya a gindinsa. Ranar da uban ya fara miƙa masa shi bai yi masa dogon karatu ba. Sandar tuƙi ya tsoma a ruwa, ya ce ya duba. Sandar da kowa ya san miƙaƙƙiya ce sai ga ta a karye daidai inda ta shiga ruwa. Ya zaro ta, ga ta lafiya lau.

"Ka gani ko?" in ji tsohon. "Ruwa ɗago abu shike yi ya nuna maka. Kihin da kake gani ba nan yake ba, shina ƙasa da nan. In ka auna shi daidai, mashi ta samanshi za shi bi. Auna ƙasa."

Iyakar abin da aka faɗa masa da baki kenan. Ko ƙasa da yatsu huɗu ne, ko da taki guda, ko fiye in kifin ya yi zurfi kuma yana nesa da jirgi, wannan ba mai koya maka. Hannu ne ke koya da kansa, bayan ya sha kunya sau ɗari. Kafin Cha'ibu ya kai ashirin hannunsa ya koya, har ya daina tuna cewa akwai abin da aka taɓa koya masa.

Zama kuwa, ina ya gan shi. Ya yi dako a Kotonu, ya sayar da bandar kifi a Yamai, ya yi damina biyu yana noma a Kamba. Amma kogin nan ruwansa iri biyu ne. Akwai jan ruwan damina mai laka, wanda ko tafin hannunka ka tsoma ba ka ganinsa. Akwai kuma baƙin ruwa, mai isowa daga yamma mai nisa lokacin sanyi, garau, ya malale cikin ciyawar burgu har ka hangi yashin ƙasa. Duk inda Cha'ibu yake, da ya ji an ce baƙin ruwa ya iso sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Sau da yawa ko sallama ba ya tsayawa yi.

Da ya auri Hajjo, 'yar masunta ita ma, suka zauna a Gaya, a wani gida mai kallon ruwa. Shekara arba'in da ɗoriya suna tare, kuma rigimarsu ɗaya ce tak, ba ta tsufa. In Hajjo ta fito bakin gaɓa da sassafe ta ce "Baban Nasiba", ko yana can cikin burgu, jirginsa ya koma kamar ɓawon gyaɗa don nisa, zai amsa. In kuwa rana ta take, abinci ya sauka, sai ta yi ta kira har murya ta dushe, ga shi tana hangensa bai ma kai nisan safe ba, ko waiwaye babu. Ya dawo ya ce bai ji ba. Ta ce kunnen nasa dai ya san lokacin da yake so. Ya rantse, ta ce ya bar rantsuwar kada ya ƙara wa kansa zunubi. A cikin wannan rigima suka yi renon 'ya'yansu: Yazidu, ɗan fari, wanda ba mai kama sunansa a cikinsu sai dai su ce "na Yamai", don can yake da butik, wato shago, da Nasiba, auta, wadda ke koyar da fizik, wani fannin kimiyya, a wata koleji nan cikin Gaya.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. A hankali ta zo, kamar yadda hayaƙi ke cika ɗakin girki. Shekara takwas yana ɓoyewa, kuma abin da ya taimake shi ɓoyewar shi ne kifi bai daina shigowa gida ba. Ba ya ganin kifi, inuwa kawai yake gani da motsin ciyawa, amma da inuwar ta gilma hannu ya gama aikinsa. Mutumin da ke kawo kifin bargi uku kafin hantsi, wa zai ce masa makaho?

Shekarar da aka rufe gadar da ke ratsa kogin ce ta tona shi. Kogi ya cika da jiragen fito masu inji, suna kai mutane da kaya tsallake suna dawowa, ba dare ba rana. Wata safiya ya ratso gaban ɗaya daga cikinsu, yana jin ƙarar inji amma bai ga daga inda take zuwa ba. Jirginsa ya kife, igiyar mashi ta naɗe masa ƙafa. Labo, mai jirgin fiton, shi ya faɗa ruwa ya ciro shi. Aka kawo shi gida a jiƙe yana ta faɗa, wai masu inji ba su da ladabi. Hajjo ta matso. Ta tsaya gabansa ta ɗaga yatsu, ta ce ya faɗi nawa ne. Ya ce uku. Biyu ne.

Kwana biyu sai ga Yazidu daga Yamai. Ya durƙusa gaban ubansa ya ce ya gina ɗaki a gidansa, da famfo a ƙofa, su tattara su koma. Cha'ibu ya ji kamar an ce masa an haƙa kabarinsa an saka famfo. Ya zagaye tsakar gida ya fi sau goma, sannan ya yanke nasa sharaɗin. An ce likitocin ido za su zo Gaya bayan damina. A yi masa aikin. In ya warke, a ba shi safiya bakwai cikin baƙin ruwa.

"In ban kawo kihi bisa mashi ba cikin kwana bakwai, ku sa ni cikin motar Yamai, ban cewa komi."

"In kuwa ka kawo hwa?" in ji Hajjo.

"In na kawo, kowa ya ƙyale ni da kogina."

Ta amince, don a ranta ta tabbata tsufa ya riga ya yanke hukunci. Tun ranar da aka shigo da shi a jiƙe ba ta ƙara kallon ruwan nan da daɗin rai ba.

Aka yi idon dama, bayan sati biyu aka yi na hagu. Ranar da aka cire masa bandeji ya tsaya tsakar gida yana juyawa. Ga tsagar bango, ga ƙudaje a igiyar shanya, ga ganyen dogon yaro ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi matarsa ya daɗe.

"Ashe haka kinka tsuhwa, Hajjo?"

"Nasiba, ɗauko wa ubanki madubi," in ji ta.

Sai dai likita ya kafa doka: sati shida ba shiga kogi, ba sunkuyawa, ba ɗaukar nauyi. A ce wa Cha'ibu ya yi sati shida a gida! Ya ƙirga kajin Hajjo har suka gane shi suka fara gudu. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Yakan je bakin gaɓa sau biyar a yini, da baƙin tabarau a fuska, ya tsaya inda ruwa ba zai taɓa ƙafarsa ba, yana kallon baƙin ruwa na shigowa burgu ba da shi ba. Kowa a gidan ya gaji da shi, shi ma ya gaji da kansa.

Nasiba ce ta nemi abin da za ta tsayar da shi. Wata la'asar ta dawo daga lakwal, wato makaranta, ta cika kofin gilashi da ruwa, ta tsoma cokali, ta ce ga abin da ta koyar yau. Haske, in ji ta, ya fi sauri cikin iska a kan cikin ruwa, don haka duk lokacin da ya fito daga ɗaya ya shiga ɗaya a karkace, sai ya lanƙwashe a kan iyakar. Ido kuwa bai san da wannan ba, yana ɗauka hasken miƙe ya zo, sai ya ajiye abu inda ba nan yake ba. Ɗan gilashin da likita ya saka masa cikin ido ma aikinsa kenan, lanƙwasa haske ya tara shi wuri ɗaya.

Cha'ibu ya yi dariya har ya manta an hana shi girgiza kai.

"Wanga abu kuke rubutawa da alli? Ni da shi na ciyar da ke har kinka kai lakwal."

"To saura guda, Baba, kuma Inna ki matso ki ji." Ta ce murya ma haka take yi. Da sassafe iskar da ke kwance kan ruwa ta fi ta sama sanyi, kuma murya ta fi jinkiri cikin sanyi, sai ta lanƙwaso ƙasa ta bi fuskar ruwa ta yi nisa. In rana ta gasa yashin gaɓa, iskar ƙasa ta fi ta sama zafi, sai murya ta karkata sama ta wuce bisa kan mutum.

Cha'ibu ya nuna matarsa da yatsa, baki har kunne. Shekara arba'in ana ce masa maƙaryaci, yau ga shaida daga lakwal. Hajjo ta taɓe baki ta ce ita ba ta ga abin mamaki ba, ɗiya ce ta goyi bayan ubanta.

Da sati shida suka cika, safiya ta farko ya riga alfijir gama fitowa. Ya tura jirgi cikin burgu, ya miƙe tsaye, ya duba ƙasa. Rabon da ya ga cikin ruwa haka tun yana saurayi, kai, ko a lokacin bai lura ba. Ga saiwar ciyawa, ga ƙananan kifaye suna wasa, ga yashi mai layi-layi. Sai ga bargi ƙato ya fito a hankali, kowane ɓawo na jikinsa a fili, har bakinsa da ke buɗewa yana rufewa. Cha'ibu ya ji daɗi irin wanda ke sa hawaye. Ya zuba masa ido, ya zaɓi tsakiyar baya, ya sake mashi. Mashi ya kafe cikin laka, bargi ya kaɗa wutsiya ya tafi abinsa ba gaggawa.

Ya ce sabon shiga ne. Ya jefa sau huɗu a ranar, duk huɗun laka ya soka.

Ya dawo gida yana zagaye turmi yana bayani. "Wallahi Hajjo, ƙuru-ƙuru nike ganinshi, har ɓawon bayanshi ina ƙidayawa. Tsakiyar bayan nan na auna, ban kauce ko da yatsa guda ba."

Hajjo ta ɗago ta dube shi, kamar za ta yi magana. Sai ta mayar da kai ga shinkafar da take tsincewa.

Rana ta biyu ya wasa mashi har yana aske gashin hannu. Ta uku ya sake ƙota, ya ce tsohuwar ta lanƙwashe da zama. Ta huɗu ya rage igiya. Wani kifin yauni mai tsawon hannu ya kwanta masa cikin ciyawa kamar an ajiye, ya jefa, mashi ya wuce ta samansa. Labo ya ratso da jirginsa cike da buhunan albasa, ya rage inji ya ce, "Baba Cha'ibu, ko dai a maido maka tsohon idon?" Wasa ya yi, amma maganar ta zauna. Cha'ibu ya fara zargin likitoci sun taɓa wata jijiya da ke tsakanin ido da hannu. Daga baya ya daina zargin kowa, ya ce tsufa ne, kuma wannan ya fi ciwo. Abinci ya ƙi shiga. A gida kuwa Hajjo ta fara ninke tufafi tana cusawa cikin jakunkuna, Yazidu na kira ta salula yana tambayar ranar da zai aika mota tasha ta tarbe su.

Rana ta shida ya dawo tun kafin azahar, jirgi fayau. Da la'asar ya ɗauko mashin, ya kwance igiyar, ya naɗe shi cikin buhu, ya ce a ba Labo, ko banza shi ya cire shi daga ruwa. Gobe ma ba sai ya fita ba. Sannan ya shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro ya zauna. Nasiba ta dafa shayi ta ba shi na farko, ya sha. Ta ba shi na biyu. Ta ba shi na uku, ya karɓa ya riƙe, yana kallon ƙasa, hannunsa na dama kwance a gwiwa kamar ba nasa ba.

Hajjo na bakin murhu tana tuƙa tuwo, tana satar kallonsa. Can sai ta zare muciya, ta ɗauraye ta, ta cika babbar tasa da ruwan randa, ta kawo ta dire gabansa. Ta tsoma muciyar a karkace.

"Duba da sabon idon naka, Baban Nasiba. Muciyar ga, miƙe take ko karye?"

"Karye," ya ce ba tare da sha'awa ba.

"To. Likita idonka ya gyara, bai taɓa kogi ba."

Ya kalli muciyar, ya kalli matar. Sai abin ya faɗo masa gaba ɗaya. Shekara takwas ido ba ya gani, hannu ke aiki shi kaɗai, yana sauka ƙasa kamar yadda ya saba. Yanzu ido ya dawo da ƙarfinsa, ya nuna masa kifi tas, shi kuwa don murna ya yarda da shi, ya ƙwace aikin daga hannu ya ba ido. Kwana shida yana auna kifi daidai inda ya gan shi, kuskuren da ubansa ya hana shi tun ranar farko, wanda shi da bakinsa ya yi wa 'yarsa dariya a kai sati uku da suka wuce. Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi zafi.

"Tun yaushe kinka gane?"

"Tun ranar hwarko, da ka ce tsakiyar baya ka auna. Shekara arba'in ban taɓa jin ka ce haka ba."

"Kinka yi shiru."

"Na yi shiru. So nike mu tahi."

Ta zare muciyarta ta koma bakin murhu, don tuwo ba ya jira. Ya so ya yi fushi, ya nemi fushin bai same shi ba. Ya miƙe, ya zagaye turmi sau biyu, ya je ya kwance buhun.

Safiya ta bakwai an yi sanyi, ruwa kwance lumui, ko iska babu. Ya yi nisa cikin burgu fiye da kullum kafin ya ga bargi, wataƙila ma na ranar farko ne. Ido ya nuna masa tsakiyar baya, ya nace, ga shi nan, ga shi nan. Da ƙyar Cha'ibu ya saki kafaɗarsa, ya bar hannu ya sauka da kansa, har bakin mashi ya kalli wurin da ba komai sai yashi. Jifa inda ba ka ga komai ba, alhali ga abu kana gani, ba ƙaramin abu ba ne ga mai sabon ido. Ya sake. Igiya ta miƙe, ruwa ya dagule, jirgi ya yi tangal-tangal. Ya jawo kifin ya kwantar da shi cikin jirgi, ya dafa shi da ƙafa, yana haki yana dariya shi kaɗai.

A nan ne ya ji murya. Ya waiga, can bakin gaɓa ga mutum biyu ƙanana, Hajjo da Nasiba. Ba kira suke yi ba, hira suke tsakaninsu, amma sanyin safiya ya kwanto da maganar bisa ruwa ya kawo masa har cikin jirgi.

"Inna, mi ya sa kinka hwaɗa mishi? Kwana guda ya rage."

"Na gan shi zaune, Nasiba. Har shayi na uku. Ban iya kallo."

Sai muryar Hajjo ta sake zuwa, ta ƙara yin ƙasa.

"Ni ba Yamai nike so ba. Tsoro nike ji. Wata sahiya in hito nan in yi kira, ruwa ya kai muryata har inda take zuwa, in ji ba a amsa ba."

Cha'ibu ya tsaya da mashi a hannu. Ya ci sharaɗi, kogi ya zama nasa, kuma sai yanzu ya san abin da matar nan ta biya da ta tsoma muciya cikin tasa. Tausayinta ya cika masa ƙirji. A gefen jirgi, ƙarƙashin ciyawa, wani bargin ya fito, ya fi na farko girma, ya tsaya cak. Rana ko fitowa ba ta gama yi ba, irin safiyar da a da sai an yi ta kiransa har azahar. Ya dube shi sosai, ya san daidai inda zai auna. Ya kwantar da mashi kusa da kifin da ya kama, ya ɗauki sandar tuƙi, ya juya jirgi.

Da ya iso gaɓa Nasiba ta leƙa cikin jirgi ta tafa hannu. Hajjo ba kifin ta kalla ba, shi ta kalla, daga kai har ƙafa, tana neman inda ya ji ciwo.

"Lahiya? Mi ya maido ka tun yanzu? Ban kira ka ba."

Ya ja jirgin bisa yashi, ya ɗauko kifin ya miƙa mata.

"Na ji," ya ce.